Mushe da Ƙasar Albani

A cikin kasuwar Dogon Dutsi, kusa da inda masu goro suke shimfiɗa hajarsu, akwai wata rumfa ta mai sayar da littattafan addini da turare da carbi. A da kaset-kaset na wa'azi ne suka fi yawa bisa teburinsa, yau kuwa sai ƴan ƙananan katunan nan da ake sa wa salula. Nan wani dattijo yake zuwa da hantsi ya zauna bisa benci, ya jingine sandarsa, ya saurari duniya. Ya yi shekara talatin da wani abu yana koyarwa a lakwal-lakwal na gwamnati kafin ya aje alli, don haka babu mai kiran sunansa na yanka. Yaro da babba, Mushe suke ce masa.

Wata rana samari biyu suka tsaya bakin rumfar suna gardama a kan wani hadisi. Ɗaya ya ce mai rauni ne, ɗaya ya ce ai Albani ya inganta shi, magana ta ƙare. Mushe ya bari sai da ƙura ta lafa, sa'an nan ya ce: "Samari, ku gahwarce ni. Shi wanga Albani, mi sunan ga ka nuhi?" Na farkon ya ce: "Baba, ai sunan shehin malami ne." Na biyun ya ce: "Na Zariya, wanda aka kashe." Mai rumfa ya yi dariya, don ya san an taɓo wa tsoho inda yake masa ƙaiƙayi, kuma ranar nan ciniki sai dai a yi shi da kunne ɗaya.

Samarin ba su yi ƙarya ba, sai dai sun tsaya a rabin hanya. Malam Muhammad Auwal Adam, wanda aka harbe a Zariya ranar 1 ga watan Fabrairu na 2014, ya sami laƙabin ne daga Shaihu Muhammad Nasiruddin Albani, masanin hadisin da ya rasu a birnin Amman cikin 1999. Shi kuwa Shaihu Nasiruddin daga ƙasarsu ya samo shi, kamar yadda Imamu Buhari ya samo nasa daga Buhara, ko kamar a ce da mutum Bakano ko Ba'are. An haife shi cikin 1914 a garin Shkodar, arewacin Albaniya. Mahaifinsa malami ne, ya kwashe iyalinsa ya yi hijira zuwa Dimashƙa ta ƙasar Sham a zamanin mulkin Ahmad Zogu, da ya ga hukuma ta juya wa al'adun Musulunci baya. Can yaron ya tashi, ya koyi gyaran agogo, ya duƙufa kan hadisi, kuma har ya koma ga Allah sunan ƙasar da ya bari yana ƙarami bai rabu da shi ba. Haka nan duk ɗalibin da ya buɗe littafin hadisi ya ga an rubuta cewa Shu'aibu Arna'uɗ ko Abdulƙadir Arna'uɗ ne ya tace shi, to jinin Albaniya ya gani, don Arna'uɗ shi ne sunan da Turkawa suke kiran mutanen da shi.

Ƙasar ƴar ƙarama ce, a kudu maso gabashin Turai, tana fuskantar Italiya ta hayin teku. Faɗinta bai kai murabba'in kilomita 29,000 ba, wato jihar Doso ta fi ta fili, kuma mafi yawanta duwatsu ne. Ƙidayar 2023 ta sami mutum wajen miliyan 2.4 a cikinta. Masu jin harshen kuwa sun ninka haka, domin lokacin da manyan ƙasashe suka zauna a Landan cikin 1913 suka shata mata iyaka, kusan rabin al'ummar aka bari a waje, a Kosobo da Masedoniya da Montenegro. Mutumin Arewa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Yarjeniyoyin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906 ne suka sa yau ɗan Tibiri yake nuna takarda kafin ya je suna gidan ƙanwarsa a Kangiwa. Su mutanen ba su ce wa kansu Albaniyawa. Shkiptar suke cewa, harshensu kuma Shkip.

To me ya haɗa tsohon malamin lakwal na ƙasar Arewa da wannan lungu na Turai, har ya san sarakunansa da kogunansa? Amsar tana Lugu.

Uwar Mushe ɗiyar Lugu ce, daga cikin Gubawa, mutanen da suke cewa su ne farkon zama a wannan yanki tun kafin zuwan Arawa. Garin yana arewa maso gabas da Dogon Dutsi, cikin karamar hukumar Dan Kasari, sai an bar kwalta an shiga rairayi. Can Sarauniya take zaune, ba ta yawo, tana kaɗin auduga cikin ɗakinta, ana zuwa wurinta daga nesa neman albarkar damina. Can kusa kuma dutsen Tunguma yake, wanda ake kai wa shari'ar da ta gagara. Ubansa Ba'are ne na wani ƙauye kusa da Matankari, mai salla. Ana saura ƴan shekaru a sami ƴancin kai na 1960 aka ɗauki yaron aka sa lakwal, ba da son uwar ba.

Duk wanda ya yi lakwal a wancan zamani ya san sambol. A tasu makarantar guntun ƙashi ne da aka ɗaura wa igiya. Wanda aka ji ya yi Hausa a rataya masa a wuya, shi kuma ya yini yana kasa kunne ko wani zai yi suɓul da baka ya miƙa masa, don wanda ƙashin ya kwana a wuyansa shi ke shan bulala. Mushe yakan ce bulalar ba ta dame shi ba kamar yadda abin ya koya masa farautar abokansa. Amma akwai wani sambol na biyu, wanda babu malamin da ya rataya masa, kuma shi ya fi daɗewa a wuyansa. Da ya je makarantar horon malamai, daga baya kuma Yamai, sai ya tarar ko a cikin masu jin Hausa akwai ta sama akwai ta ƙasa. In ya ce "munka tahi" a yi dariya, in ya ce "shina zakkuwa" a maimaita masa da shaƙiyanci. In kuwa aka ji sunan Lugu, sai a ce garin arna, garin matsafa. Zanen Arawa da ke kumatunsa, daga gefen baki zuwa kunne, ba ya ɓoyuwa. Garin uwa kuwa yana ɓoyuwa. Ya gyara bakinsa ya koma irin Hausar rediyo, in an tambaye shi ya ce shi ɗan Dutsi ne, iyaka.

Abin da ya fi ci masa rai ya faru ne a garin da aka fara tura shi aiki. Uwar ta yi tafiyar kwana biyu ta zo ganinsa da ƙullin gero da daddawa. Da maraice abokan aiki suka zo shan shayi, ta fito ta gaishe su da irin maganarta, da layunta a wuya. Ɗaya daga cikinsu ya tambaya da Faransanci ko wace ce. Mushe ya amsa da Faransanci cewa wata tsohuwa ce daga ƙauye, tana taimaka masa da aikin gida. Shi ɗan fari ne, don haka bisa alkunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wanga yaro". Da baƙi suka watse ta ce masa: "Mushe, ni ban jin nasaranci, amma huska ba ta nasaranci." Da asuba ta ɗaura kayanta. Daga ranar har ta rasu Mushe take ce masa, kamar kowa.

Albaniya ta shigo rayuwarsa ne ta ƙofar da ba a zata ba. A shekarun 1970, matasan ma'aikata da ɗalibai masu ra'ayin sauyi sukan kwana suna murɗa akwatin rediyo a gajeren zango, kuma cikin tashoshin da ake kamawa da Faransanci akwai Rediyo Tirana, mai zagin Amurka da Rasha baki ɗaya. Surutun siyasar bai zauna masa ba. Sai daga baya, a wani ɗakin karatu na Yamai, ya ci karo da littattafan Ismail Kadare, babban marubucin ƙasar, wanda ya rasu a Tirana cikin 2024. Ɗaya daga ciki labarin wata ganuwa ce bisa dutse da rundunar Turkawa ta kewaye wata da watanni ba ta ci ba. Abin da ya tsaya wa Mushe a rai shi ne yawancin labarin daga sansanin maharan ake ba da shi, mutanen cikin ganuwar sai jefi-jefi ake jin muryarsu. Ya aje littafin ya ce a ransa: ai wannan Lugu ce.

Tarihin da ke bayan labarin ga shi. Jarj Kastriyoti ɗan wani basarake ne da Turkawa suka ɗauka tun yana yaro, suka rene shi a fadarsu, suka sa masa suna Iskandar Bey, wanda ya zama Skandarbeg a bakin jama'a. Cikin 1443 ya juya musu baya ya koma garin ubansa, Kuruya, ya kafa tuta. Shekara 25 yana tare hanyar Daular Usmaniyya (ta Turkawa ake nufi, ba ta Sakkwato ba). Sarki Murad na biyu ya kewaye Kuruya a 1450 ya koma hannu wofi. Ɗansa Muhammadu na biyu, wanda ya ci Kustantiniyya a 1453, ya zo da kansa a 1466 da 1467, shi ma haka. Zazzaɓi ne ya kashe Skandarbeg cikin 1468, kuma sai bayan shekara goma garin ya faɗi.

Yaƙin Lugu bai kai haka tsawo ba, yini ɗaya ne, 16 ga Afrilu 1899. Ayarin kyaftin Voulet da Chanoine ya taso daga bakin Kwara yana ƙone garuruwa, garuruwa da yawa suka watse tun kafin ya iso. Sarauniya Mangu da mutanenta suka tsaya, da baka da kibiya mai dafi, suka ja maharan cikin sarƙaƙiya da duwatsu. An ƙone garin, amma ayarin ya yi asarar mutum huɗu, shida suka ji rauni, harsashi dubbai ya tafi, Sarauniya kuma ba ta shiga hannu ba. Ayarin ya wuce ya yi ɓarnar Birnin Ƙonni a watan Mayu, a watan Yuli kuma sojojinsu da kansu suka kashe kyaftin ɗin biyu a wajen Mai Jirgi, bayan sun harbe kanar Klobb a Dan Kori. Waɗannan alƙaluma duka daga takardun Faransawa suka fito. Babu wanda ya ƙirga gawawwakin Lugu ya rubuta. Sai cikin 1980 Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa Sarraounia, da Faransanci, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu cikin 1987. A Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma Sarauniyar da ke cikinsa ba da Hausar Arewa take magana ba. Mushe ya kalli fim ɗin tare da mutanen da a da suke yi wa "munka" dariya, ya ga suna tafi. Ga sunan Sarauniya ya hau gidan rediyo a Yamai, ga jikokinta ana ce musu arna a tashar mota.

Sai dai da ya ƙara karatu ya gane ba a wurin yaƙi darasin Albaniya yake ba, don a ƙarshe an ci su, kuma sun zauna ƙarƙashin Turkawa fiye da shekara 400. Kafin Turkawa sun zauna ƙarƙashin Rumawa, da Rumawan gabas, da sarakunan Bulgariya da na Sabiya. Abin mamaki shi ne harshen ya fito daga duk wannan da ransa. Cikin 1854 wani masani Bajamushe, Franz Bopp, ya tabbatar da cewa Albaniyanci ɗan babban gidan nan ne da ya haɗa Faransanci da Ingilishi da Farisanci da Hindi, amma reshensa shi kaɗai ne, ba shi da wa ba shi da ƙane a raye. Rubutunsa mafi tsufa da aka samu jimla ɗaya ce ta yin baftisma, wadda wani babban limamin kirista na garin Durres ya rubuta cikin 1462. Littafi na farko da aka buga, na addu'o'in coci ne, na Gjon Buzuku, a 1555. Kafin nan da bayan nan, bakin uwaye ne ya ɗauke shi, da waƙoƙin maza na kan dutse, da dokar gargajiya da suke kira Kanun, wadda aka riƙe da ka ɗaruruwan shekaru, ba a buga ta cikin littafi ba sai 1933. A cikinta akwai mummunan abu, wato gabar jini da ake gada daga kaka zuwa jika. Akwai kuma abin da suke kira besa, alkawarin da mutum yake mutuwa bai karya ba, wanda ya sa a yaƙin duniya na biyu iyalai Musulmi da Kirista suka ɓoye Yahudawa a gidajensu suka ƙi miƙa su. Ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaukar kayan miliyoyi daga Kano ko Kwatano bisa kalmar baki kawai, ya san nauyin wannan abu ko bai san sunansa ba.

Harshen ya yi aro ba kaɗan ba, daga Latinanci da Girkanci da harsunan Silabawa da Turkanci, kuma ta hanyar Turkanci kalmomin Larabci suka shiga. Nan ne Mushe yake kama masu saurarensa a rumfa. Yakan ce su taɓa aljihunsu, sa'an nan ya gaya musu cewa Ba'albane yana ce masa xhep, ana faɗinsa "jep", kuma uwarsu ɗaya da aljihu, wato jaib na Larabci. Lissafi da hisabi su ne hesap a can. Labari haber, sa'a sahat, duniya dynja, likkafani qefin, aljanna xhenet. Kalma ɗaya ta fita daga Larabci, rabi ya bi raƙuma ya ƙetare Sahara, rabi ya bi ta Istambul ya hau duwatsun Turai. Wadda ya fi so a cikinsu ita ce amanet, ƴar'uwar amana, wadda a wurinsu takan nufi wasiyyar da mai mutuwa ya bar wa na baya. In ya zo kanta yakan yi shiru kaɗan, mai rumfa kuma ya san dalili, ba ya tambaya.

Babbar matsalar Albaniyawa a ƙarƙashin Turkawa ita ce daular da addini take ƙirga mutane, ba da harshe ba. Yawancinsu sun musulunta, wasu Ahlussunna wasu ƴan ɗariƙar Bektashiyya; arewa akwai Katolika, kudu akwai Otodoks. Ɗan Musulmi ya yi karatu da Turkanci da Larabci, ɗan Otodoks da Girkanci, ɗan Katolika da Latinanci ko Italiyanci. Sun ba daular wazirai da janar-janar da dama, har Muhammadu Ali Basha da ya mulki Masar daga 1805 jininsu ne, amma harshen gidansu ba shi da aji ko allo. Masu rubuta shi kowa da haruffan addininsa: mawaƙan Musulmi da ajami, kamar dai yadda Nana Asma'u da malaman Sakkwato suka rubuta Hausa, wasu da haruffan Girka, wasu da na Rum. Sai ranar 7 ga Maris 1887 aka buɗe makarantar farko mai koyarwa da Albaniyanci a garin Korca, ranar da har yau ita ce ranar malamai a ƙasar. Abin bai zo da sauƙi ba. An rufe makarantu, coci ta kori masu koyar da harshen daga cikinta, cikin 1905 kuma aka kashe wani limamin Otodoks, Kristo Negovani, saboda yana koyarwa da yin addu'a da harshen uwarsa.

A watan Nuwamba na 1908 wakilai suka taru a garin Manastir, wanda yau ake kira Bitola a Masedoniya ta Arewa. Shugaban taron Musulmi ne, Midhat Frasheri. Wanda ya ja ragamar kwamitin haruffa fada ne na Katolika, mawaƙi Gjergj Fishta. Suka yi kwanaki suna ja-in-ja, suka tashi da matsaya a kan haruffan boko, waɗanda daga cikinsu abacada mai harafi 36 ta yau ta tabbata. Hukumar Istambul ta yi ƙoƙarin maido da haruffan Larabci, har aka fitar da fatawa, amma jama'a suka yi gangami cikin 1910, da malaman Musulunci a cikinsu, suka ce haruffansu suke so. Bayan shekara biyu, ranar 28 ga Nuwamba 1912, aka ɗaga tutar ƴanci a Vlora. Mushe ba ya cewa sun yi daidai da suka bar ajami. Shi kansa yana ganin Hausa ta yi asara babba da ƴan boko suka daina karanta rubutun kakanninsu. Abin da yake nunawa shi ne teburin: liman da fada sun zauna wuri guda, babu wanda ya bar addininsa, babu kuma wanda ya ce harshen ɗan'uwansa najasa ne. Shi mai salla ne, ya je Makka, ba ya kai ƙara wurin Tunguma. Amma bai ga ayar da ta ce ya ƙyamaci bakin da ya yi masa tawai yana goye ba.

Labarin bai ƙare da daɗi haka ba, kuma rabin na biyu ne ya fi shafar ma'aikatan gwamnati. Daga 1944 zuwa 1985 ƙasar tana hannun Anwar Hoja, ɗan kwaminis, wanda ma'anar sunan gidansu, abin dariya abin kuka, ita ce malam. Cikin 1967 ya rufe masallatai da coci-coci duka, ya haramta addini, ba a sake salla a fili ba sai 1990. Shi kuma harshe sai ya zama abin bauta, amma irin wanda hukuma ta zaɓa. Albaniyanci yana da manyan karori biyu, kogin Shkumbin ya raba su: Geg a arewa har Kosobo, Tosk a kudu. Hoja da yawancin manyan jam'iyyarsa ƴan kudu ne. Da aka yi taron daidaita rubutu a Tirana cikin 1972, bisa Tosk aka gina daidaitaccen harshe, ko da yake tsofaffin littattafan farko da Geg aka rubuta su. Aka hana karanta Fishta, mutumin da ya yi wahalar haruffan. An sami amfani, babu musu: yau ɗan Pirishtina da ɗan Tirana jarida ɗaya suke karantawa. Amma yaron Shkodar, garin su Shaihu Nasiruddin, ya shiga aji ya tarar maganar uwarsa ta zama kuskuren da ake ja wa jan layi. Bature ne ya rataya wa Mushe sambol na farko. Na Geg kuwa ɗan'uwansu ne ya rataya musu.

Shi ya sa lokacin da aka fitar da Kundin Sake Gina Ƙasa a watan Maris na 2025, aka ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, Mushe ya yi murna da rabin zuciya. Wanda ya sha bulala saboda Hausa ba zai ƙi jin daɗin wannan rana ba, kuma tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram cikin 1973 yake jiran irinta. Amma tambaya biyu suka hana shi barci. Ta farko, wace Hausa? Daidaitacciyar Hausa bisa Kananci aka gina ta, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa ta tun 1939, taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 suka gyara mata ƙa'idar rubutu. Dole a sami ta bai ɗaya, in ba haka ba takardar da aka rubuta a Gaya ba za ta karantu a Difa ba. Sai dai in sufeton makaranta ya ɗauki "sunka" da "ɗiya" da "biyat" da "gidanai" a matsayin kuskure, maimakon ya ce wa yaro wannan ta gida ce, waccan ta takarda, to an sake ɗaura wa ƙashin nan igiya. Ta biyu ta fi nauyi. Hausa ba ƙaramin harshe ba ce da ake tsoron ya mutu. Masu jin ta sun ninka Albaniyawa sau da yawa. A Nijar ita ce babbar daula. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, kuma ɗan Zabarmawa ko Bafillace ko Buzu ko Babarbare ko Tubawa, in aka yi sakaci, shi zai tsinci kansa a matsayin da Ba'albane ya tsinci kansa a makarantar Turkawa. Wanda ya san zafin sambol, in ya karɓi alli ya rataya wa wani, ba shi da uzurin da Bature yake da shi na rashin sani.

Uwar ta rasu tun shekarun 1980, a Lugu, yana can wurin aiki. Ya iso bayan an rufe ta. Tun da ya aje aiki ya maido bakinsa yadda ta bar masa, har jikokinsa na Yamai in sun zo hutu suna kwaikwayonsa suna dariya, shi kuma ya ƙyale su, don ko a cikin dariyar kalmomin suna shiga. Ya sayi manyan kaye guda uku. Duk bayan girbi yakan hau kabu-kabu daga Dan Kasari ya tafi wurin dangin uwarsa, ya zauna gindin bishiya da tsofaffin mata yana rubuta sunayen ciyayi da na iri-irin gero, da kalmomin saƙa da kaɗi, da yadda ake gaida mai jego da mai takaba, da yadda kakanninsu suka ba su labarin ranar da aka ƙone garin, wanda bai yi daidai da na Joalland ba, bai kuma yi daidai da na Mamani ba. Akwai abin da suke gaya masa su ce kada ya rubuta, sai ya rufe kaye ya aje alƙalami.

A zuwansa na bara wata ƙanwar uwarsa, wadda idonta ya tafi, ta ji ƙarar takarda ta ce: "Wanga yaro, wa za ya karanta abin ga da kaka ta rubutu?" Ya ce: "Inna, ban sani ba tukuna." Ta ce to ya buɗe sabon shafi, akwai sunan wata ciyawa da ake ba akuya mai sabon haihuwa, jiya ta manta ba ta gaya masa ba.